Majalisa a gindin dutse, jama'a a bisa: kundin aikin kwamitinmu

11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne don kada wata rana in ba kaina labarin da ya fi gaskiya daɗi. Mu bakwai ne a kwamitin. Ba wanda ya zaɓe mu, ba wanda ke biyanmu, kuma abin da muke nema bai da yawa a baki: majalisar gari ta ware ɗan wani kaso daga kuɗin ayyuka, mazauna su faɗi inda za a kashe shi, ita kuma ta aiwatar.

Garin ƙarami ne, a manne da jikin dutse kamar gidan zanzaro a bango. Hanyar mota ɗaya ce, ita ce shiga, ita ce fita. Unguwanni biyar ne, kowace a bisa kan 'yar'uwarta, ofishin majalisa kuwa yana can ƙasa inda kwalta ta ƙare.

Jiya na je zaman majalisa. Doka ta ce kowa na iya shiga ya saurara, kuma ba a karya doka ba, ƙofa a buɗe take. Kujeru 40 aka jera wa jama'a. Mu huɗu ne a kansu, har da wani dattijo da daga baya na gane mota yake jira, iska ce ta koro shi ciki. Da aka tashi, wani kansila ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, gani ya kori ji. Mutanen nan ba su damu ba." Ban yi masa musu ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.

25 ga Janairu

Mako biyu muka yi muna auna garin da ƙafa, agogo a hannu.

A taswirar da ke bangon ofis, unguwar da ta fi kowace bisa ba ta wuce kilomita biyu da rabi daga zauren majalisa ba. A takarda kusa ne. Sai dai takarda ba ta haki. Masu hawan dutse suna da wani tsohon lissafi da wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: ka ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 da za ka hau. Da wannan lissafin, in aka haɗa nisan da hawan, komawa gida daga zaure zuwa unguwar sama awa ɗaya da kwata ne, kuma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne da bai ɗauki kaya ba, bai tsaya hutu ba. Ni da na gwada, awa ɗaya da minti 35 na yi, ina tsayawa ina yi kamar kallon gari nake.

Majalisa tana zama ƙarfe huɗu na yamma, ranar aiki. Lokacin da ake ba jama'a su yi magana shi ne na ƙarshe a ajanda. Kafin a kai gare shi rana ta ɓuya, don a jikin dutse da wuri take ɓuya. Wanda ya sauko daga sama zai koma cikin duhu ta turbar da ba fitila, gefe ɗaya kuma kwazazzabo ne.

Na tambayi wata tsohuwa a unguwar sama ko ta taɓa zuwa zaman. Ta ce, "Ɗan nan, sau biyu na sauka. Na farko aka ce in dawo. Na biyu aka ce an rubuta. Gwiwata ba ta da na uku."

Na rubuta maganarta yadda ta faɗa, domin ita ce ta haɗa mana matsalolin biyu wuri ɗaya. Zuwan yana da wahala, kuma in an zo ba ya haifar da komai. In muka gyara ɗaya muka bar ɗaya, mun yi aikin baban giwa. Mun zana sabuwar taswira, babu kilomita a jikinta, mintuna ne kawai.

15 ga Fabrairu

Yau an yi gardama a kwamiti, kuma na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Biyu daga cikinmu suna ganin mu fara da abin da majalisa ba za ta ƙi ba: akwatin ƙorafi, allon sanarwa a kowace unguwa, taron jin ra'ayi sau biyu a shekara. Ni na ce a'a.

Hujjar da na dogara da ita ta wata Ba'amurkiya ce, Sherry Arnstein, wadda a 1969 ta kwatanta shigar jama'a cikin harkar mulki da tsani mai matakai 8. Biyun ƙasa ba shiga ba ce ko kaɗan, juya mutane ne. Ukun tsakiya, wato sanar da mutane, jin ra'ayinsu da lallashinsu, ta ɗauke su a matsayin na ganin ido. Sai a ukun sama ne wani abu na iko yake komawa hannun jama'a. Akwatin ƙorafi a tsakiya yake. Tsohuwar nan ta riga ta taka wannan matakin sau biyu ta sauko.

Abin da muke so ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A birnin Porto Alegre da ke kudancin Birazil aka fara shi a 1989: mazauna unguwanni su taru, su jera ayyukan da suka fi buƙata, su zaɓi wakilai, a shigar da zaɓinsu cikin kasafi. Birnin Paris ya ɗauka a 2014, ya ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyuka. Amma waɗannan birane ne masu mutane sama da miliyan, suna da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan. Mu sakataren majalisarmu shi ke rubuta bayanan zama, shi ke karɓar takardu, in kwan fitilar ofis ya mutu ma shi ake kira. Duk tsarin da ya wuce shafi biyu ba zai rayu a hannunsa ba.

Mun tsaya a kan buƙatu uku. Kashi 5 cikin 100 na kuɗin ayyuka. Zaman majalisa ya riƙa zagaya unguwanni. A dawo da lokacin jama'a farkon zama. Allon sanarwa mun maƙala shi a ƙarshe don zaman lafiyar kwamiti.

8 ga Maris

Shugaban majalisa ya ba mu minti 20, muka ci 50.

Na fara da, "Ranka ya daɗe, ba kujerar kowa muke nema ba." Ya yi murmushi ya ce ya sani, amma, "Mu aka zaɓa. In aiki ya lalace, sunana za a kira, ba naku ba." Wannan gaskiya ce, kuma ban zo da amsarta a aljihu ba. Ma'aji ya buɗe mana littafi. Mafi yawan kuɗin ayyuka daga gwamnatin sama suke zuwa da sharaɗinsu a ɗaure, abin da majalisa ke da 'yancin juyawa kaɗan ne. A cikin kaɗan ɗin ma hanya ce ke lashe kaso mafi tsoka, domin kilomita ɗaya a jikin dutse tana cin abin da kilomitoci ke ci a fili: fasa dutse, katangar tare ƙasa, kwalbati a kowace kwana, sannan ruwa ya zo ya kwashe a sake. Na shiga ofishin ina ganin rowa ce. Na fito na san babu ce ta fi yawa.

Na kawo masa misalin jihar Vermont a Amurka, jihar duwatsu mai ƙananan garuruwa, inda a Talatar farko ta watan Maris mazauna da kansu suke zartar da kasafin garinsu. Ya ce, "Su dokarsu ta ba su. Tamu fa?" Tamu ba ta ba jama'a wannan ikon ba. Hanyar da muka ga ta ɓulle ita ce majalisa ta yi alƙawari a rubuce cewa za ta amince da abin da mazauna suka zaɓa matuƙar bai saɓa wa doka ba. Sa hannu yana nan a wurinsu. Ya ce zai duba.

Abu ɗaya ya yarda da shi nan take, saboda ba ya cin ko sisi: zaman Afrilu a unguwar sama.

12 ga Afrilu

Majalisa ta hau dutse. Cikin kansiloli 9, bakwai suka zo. Mota ta kai su unguwa ta uku, daga nan sai ƙafa. Kansilan da ya ce mutane ba su damu ba ya iso jiƙe da gumi, sai da ya yi minti goma a dakali kafin ya iya amsa gaisuwa. Ban ce masa komai ba.

Ɗakin ya cika har da masu leƙe ta taga. Na ƙirga 63 na daina.

Maganar ruwa ce ta cinye zaman, kuma zan rubuta ta da ɗan tsawo don a nan na koyi abin da ban sani ba. Ruwan garin daga wani marmaro yake fitowa a saman unguwa ta biyar. Ana tara shi a tanki, ya gangaro ta bututu ba tare da inji ba. Ruwa mai gangara ƙarfinsa ƙaruwa yake yi: kowane mita 10 na sauka yana ƙara nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita na bututu. In aka bar shi daga sama har ƙasa zai fasa komai, shi ya sa ake gina ƙananan tankuna a hanya don karya ƙarfin. A cikin kowane akwai wani ƙwallo mai yawo a kan ruwa, in tanki ya cika sai ya ɗaga ya toshe bakin bututu, ruwa ya tsaya a sama. To, ƙwallon tankuna biyu ya lalace. Ruwa yana ta kwarara ƙasa dare da rana, yana malala a banza ta bayan tanki, famfunan sama kuwa iska suke busawa. Mutanen da ke kwana kusa da marmaro, su ke share shi, su ke kore dabbobi daga bakinsa, su ne ba su da ruwa.

Rahoton da ke hannun majalisa cewa ya yi marmaron ne ya ragu. Wani saurayi ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, marmaro bai ragu ba. Ku zo gobe in nuna muku inda yake zuba." Shekara biyu suna jin ƙarar ruwan da daddare. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Injiniyan majalisa, don a faɗi gaskiya, ya je washegari, ya dawo ya ce saurayin ne da gaskiya.

Abin da bai yi daɗi ba: awa uku aka yi ba tsari, mutum huɗu suka cinye rabin lokaci, kuma mata sun kai rabin ɗakin amma biyu ne suka buɗe baki.

5 ga Mayu

Yaya za a kaɗa ƙuri'a in lokaci ya yi? A kan wannan muka kwana biyu.

Lahadi ta farko a watan Mayu ita ce ranar da mutanen Glarus, wata ƙaramar jiha a tsakiyar duwatsun Suwizalan, suke taruwa a dandali su yi dokokinsu da ɗaga hannu. Na kalli bidiyon wani taronsu a intanet na kawo wa kwamiti. Kowane mai zaɓe yana iya hawa mumbari ya nemi a gyara doka. A 2006 gwamnatinsu ta kawo shawarar a rage ƙananan hukumomi daga 25 zuwa 10, wani mutum daga cikin taro ya ce a mai da su 3, taro ya bi shi, kuma haka aka yi daga 2011. A 2007 suka sauke shekarun zaɓe zuwa 16. Ba ma a ƙirga hannuwan ɗaya-ɗaya, shugaban taro ne ke dubawa da ido ya faɗi ɓangaren da ya rinjaya.

Abin ya burge 'yan kwamiti, ni ma ya burge ni. Sai wata malama da ke cikinmu, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Malam, a ɗakin nan da aka yi zaman Afrilu akwai mai gidan da nake haya, akwai surukata. Ka ce in ɗaga hannu a gabansu?" Ɗakin ya yi tsit. A ƙaramin gari ba baƙo, duk wanda za ka saɓa wa gobe za ka buƙace shi. Kuma taron fili ba shi ke nufin kowa ya samu shiga ba. A Appenzell Innerrhoden, ɗaya jihar da har yanzu take irin wannan taro, maza sun yi ta ƙin ba mata ƙuri'a har sai da kotun tarayya ta tilasta musu a 1990.

Mun yanke: muhawara a fili, ƙuri'a a ɓoye. Shekara 16 kuwa mun ara daga Glarus, tunda wannan ba zaɓen da doka ta ƙayyade wa shekaru ba ne, kuma 'yan shekara 16 su suka fi kowa hawa da sauka a turbar nan.

31 ga Mayu

Ranar Laraba, 28 ga wata, ƙanƙara da duwatsu suka zaftaro suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten a Suwizalan. Mutanensa kimanin 300 ne. An kwashe su tun ranar 19 ga wata, har da dabbobinsu, domin masana suna sa ido a kan dutsen. Mutum ɗaya ya ɓace.

Na kasa barci a daren. A saman makarantarmu akwai wata tsaga a ƙasa da masu kiwo suka fara gani bara. Ƙofar wani gida a ƙasanta ta daina rufuwa, bishiyoyi biyu sun karkata. Waɗannan sanannun alamu ne na ƙasa mai motsi. An faɗa a zaman Afrilu, amma maganar ruwa ta danne ta.

Ba mu da na'urorin da suke da su. Abin da muka yi shi ne kafa turaku biyu-biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, a wurare uku, wani makiyayi ya riƙa aunawa da tef duk mako yana rubutawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Blatten shi ne da aka ce su fita, sun fita. Na tambayi kaina: in shugaban majalisarmu ya aiko gobe ya ce unguwa ta huɗu ta tashi, mutum nawa za su tashi? Tsohuwar da aka ce wa "an rubuta" za ta yarda da takardar da ta fito daga wannan ofishin? Ba a fafe gora ranar tafiya.

28 ga Yuni

Majalisa ta amince, 5 da 4. Kashi 2 suka ba da, ba 5 ba, na gwajin shekara ɗaya, kuma sai injiniya ya tace shawarwari kafin a kai su akwatin zaɓe. Zama zai riƙa zagayawa, ɗaya a ofis ɗaya a unguwa. Lokacin jama'a sun ƙi dawo da shi farko, an ajiye shi tsakiya.

Wasu a kwamiti sun yi ta murna. Na taya su, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne.

9 ga Agusta

Laifina ne, kuma gara in rubuta shi da hannuna.

Don sauƙi, na ce a turo shawarwarin ayyuka ta WhatsApp. Cikin mako uku muka samu 48, na ji daɗi. Da na zauna na raba su unguwa-unguwa, 39 daga unguwanni biyun ƙasa suka fito. A sama wuri ɗaya ne ake samun sabis, kan wani falalen dutse, sai mutum ya je ya tsaya yana ɗaga waya. Wato na kwashe wata shida ina kuka da majalisa a kan ta manta da gangara, sai ga shi na gina wani zauren a gindin dutse, wannan karon a cikin waya.

Muka koma takarda, gida-gida, wanda ba ya karatu a karanta masa, a rubuta abin da ya faɗa, a maimaita masa ya ce haka ne. Mata kuma malamar nan ta riƙa zama da su da hantsi, shida-shida ko takwas-takwas, ba maza. Abin da ya fito daga waɗannan ƙananan zaman ya fi na babban taro tsari nesa ba kusa ba, kuma daga nan ne maganar matakala ta fara fitowa, wadda ba namiji ko ɗaya da ya ambata.

Mun kafa ƙa'ida: kowace unguwa wakilai biyu, namiji da mace. A Nepal, ƙasar da duwatsu suka fi namu nesa ba kusa ba, tun zaɓen ƙananan hukumomi 753 da aka yi a 2017 doka ta wajabta mata biyu a kwamitin kowace mazaɓa, ɗaya daga cikinsu daga al'ummar Dalit da aka daɗe ana ƙasƙantarwa. Kujera ba ta sa mutum magana, na sani. Amma wanda ba ya ɗakin ko tari ba za a ji nasa ba.

Injiniya ya cire shawarwari 11. Mun nace sai ya rubuta dalilin kowace a layi biyu, an manna a allunan sanarwa. Wasu sun fi ƙarfin kuɗin, wasu filin ba na gari ba ne, ɗaya kuma aikin gwamnatin sama ne. Ya yi gunaguni amma ya rubuta. Allunan da na raina a Fabrairu yau su suka yi mana rana.

20 ga Satumba

An yi zaɓe, kwana biyu, akwati a kowace unguwa. Kowa ya zaɓi ayyuka uku, kada fiye da biyu su fito daga unguwarsa, don kada yawan mutanen ƙasa ya shanye komai. Mutum 412 suka kaɗa. In ka tuna kujeru 40 da mutum huɗu, ka san abin da na ji. Tsohuwar nan ta zo da sandarta, akwatin bai fi taku 50 daga ƙofarta ba. Ta ce, "Ɗan nan, wannan karon ku kuka hau."

Na ɗaya: matakala da ƙarfen dafawa da fitilu masu aiki da hasken rana a turbar da ke tsakanin unguwa ta uku da ta biyar. Na biyu: gyaran tankunan ruwa. Kuɗin ya ƙare a nan. Mutanen ƙasa ma sun zaɓi matakala da yawa, kuma da na tambaya sai na ji dalilin da ya kamata in sani tuntuni: gonakinsu a sama suke.

Magudanar da za ta janye ruwa daga tsagar saman makaranta ta zo ta shida.

Kwana biyu ina jin haushin mutane. Daga baya na gane haushin ba nasu ba ne. Mu muka sa ta a takardar zaɓe, muka jera ta da fitila da matakala kamar abu ɗaya ne. Mutum yana zamewa a turba kullum, ya ga jini, ya san wanda ya karye. Tsaga kuwa tana can shiru, ba ta taɓa cin kowa ba tukuna. Ba laifi ba ne ya zaɓi abin da ke cizonsa yau. Abin da ya shafi ran yaran makaranta bai kamata ya shiga takara da komai ba, aikin majalisa ne daga babban kasafi ko ana so ko ba a so. Kuma ina zargin sa shi a akwati ya ba wasu kansiloli mafaka, yanzu suna iya cewa jama'a ne ba su zaɓa ba. Mun rubuta wa majalisa wasiƙa a kan haka, tare da awon makiyayi na mako 16.

18 ga Oktoba

An gyara tankuna. Aikin kwana uku ne. Famfunan unguwa ta biyar sun kawo ruwa.

Sai tambayar da ba mu yi ba: wa zai kula da su, da matakalar in an gina? Majalisa ba ta da ma'aikacin da zai riƙa hawa. A nan na koma ga aikin Elinor Ostrom, mace ta farko da ta ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009. Cikin misalanta akwai Törbel, wani ƙauyen dutse a Suwizalan, inda mazauna suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kula da makiyaya da daji da hanyoyinsu tun 1483. Wata ƙa'idarsu ta 1517 ta ce kada kowa ya kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a gidansa lokacin sanyi. Aikin gyara kuma ana raba shi gwargwadon yawan shanun mutum. Wanda ya fi ci, ya fi ɗauka.

Na kawo wannan a zaman unguwa ta huɗu. Mutanen sama suka ce to, tunda ruwan kowa ke sha, share marmaro ma ya zama na kowa, kowace unguwa da watanta. Wakilan ƙasa ba su ƙi ba, ba su kuma amsa ba. An ɗage.

15 ga Nuwamba

Matakala ba a fara ba. An buga neman 'yan kwangila, mutum ɗaya ya nema, da ya zo ya ga cewa siminti da yashi sai an ɗauka a ka daga unguwa ta uku, ya janye. Sakatare ya ce doka ta wajabta a sake bugawa. Mutane sun fara tambayata a hanya, kuma na lura da irin kallon. In shekara ta ƙare ba taki ɗaya a ƙasa, gwajin ya mutu, kuma zai tafi da abin da ya fi kashi 2.

Kwamiti ya koma mutum huɗu. Ɗaya ya samu aiki a birni, biyu sun gaji, ban ga laifinsu ba. Ƙananan garuruwan dutse da wannan ciwon suke fama ko'ina: matasa na sauka ba sa dawowa, 'yan kaɗan ɗin da suka rage su ke riƙe da kowane kwamiti. A Japan, ƙauyen Okawa mai mutane kimanin 400 ya kai a 2017 har ana nazarin ko a rushe majalisarsa a koma taron dukan masu zaɓe, don tsoron ba za a samu masu tsayawa takara ba. Daga baya aka jingine maganar. Saurayin da ya nuna inda ruwa ke zuba na tambaye shi ko zai shigo cikinmu. Ya ce sai ya yi shawara da mahaifiyarsa.

Shawarar da za mu kai zaman Disamba ita ce a raba kwangilar gida biyu: majalisa ta sayi kaya ta ɗauki magini, ɗaukar kaya zuwa sama kuma a biya mazauna unguwannin su yi. Ma'aji ya ce yana ganin doka ba ta hana ba, amma zai tabbatar kafin ranar.

Wasiƙar tsaga har yau ba amsa. Makiyayi ya kawo littafinsa jiya. Turakun gabas da na tsakiya ba su motsa ba. Na yamma tazararsu ta ƙaru da santimita 3 tun bayan ruwan ƙarshe. Na kwafi shafin, gobe da safe zan sauka da shi wurin injiniya, kuma na roƙi shugabar makaranta ta zo mu je tare.